Azurfa da tangistin a bakin bireka: wace hanyar ƙira ta dace da aikinka?

Kowace bireka, wato na'urar da take yanke wutar lantarki idan ta yi yawa, ƙarama ko babba, amincinta yana rataye ne a kan wasu 'yan ƙarafa biyu da galibi ba su wuce farcen ɗan yatsa ba. Su ne kwantak. Idan suka haɗu wuta ta wuce, idan suka rabu ta yanke. A daidai lokacin rabuwar, musamman idan layi ya yi shot, tartsatsi ne yake miƙewa tsakaninsu da zafin dubban digiri. Azurfa zalla ba ta jure wannan, narkewa take yi ta manne. Tangistin zalla, wani ƙarfe mai nauyi da wuyar narkewa, yana jurewa, amma wutar da yake ɗauka ba ta kai sulusin ta azurfa ba, ga shi kuma da saurin yin tsatsa idan ya ɗau zafi. Shi ya sa ake haɗa su a jiki ɗaya.

Wanda zai sayi irin wannan kwantak, ko zai kafa layin ƙera shi, yakan tarar da takardun masu sayarwa biyu ɗauke da lamba ɗaya: tangistin kashi 65, azurfa kashi 35. Kuɗin ya bambanta, sai ya ɗauka riba ce kawai ta raba su. Ba haka ba ne. Lambar tana faɗa maka abin da aka zuba, ba ta faɗa maka yadda ya zauna a ciki ba, kuma zaman cikin shi ne yake hukunci ranar da layi ya yi shot.

Abin da ya sa ba a narka su a tukunya ɗaya

Azurfa tana narkewa a digiri 962 na ma'aunin Salshiyas, tana tafasa a 2162. Tangistin ba ya narkewa sai 3422. Kafin shi ya yi laushi ita ta daɗe da zama tururi. Ƙari a kan haka, ba sa gaurayuwa, ko a narke ko a daskare. Kowanne yana nan da jikinsa. Don haka duk hanyoyin da za mu duba daga garin ƙarfe suke farawa: a matsa shi a mazubi, a gasa a tanderu. Bambancin yana wajen lokacin da azurfa take shiga, da kuma ko ta narke ko ba ta narke ba.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata mai zaɓi ya riƙe. Santimita kubik ɗaya na azurfa giram 10.49 ne, na tangistin kuwa kusan 19.3. Kason da ake rubutawa na nauyi ne, ba na girma ba. Tangistin kashi 50 a nauyi kashi 35 ne kacal a girma. Kashi 65 a nauyi shi ne rabi da rabi. Kashi 80 a nauyi ya kai kusan 68 a girma. Wannan ne yake nuna wanda yake riƙe da wani: a ƙasa da rabi, ƙwayoyin tangistin suna yawo ne a cikin azurfa, daga rabi zuwa sama, suna taɓa juna, suna iya zama ƙwarangwal mai tsayuwa da kansa.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko cikar jiki, wato ko akwai ramukan da suka rage a ciki. Rami ba ya ɗaukar wuta, ba ya janye zafi, kuma iskar da ta maƙale a cikinsa tana faɗaɗa da ƙarfi idan tartsatsi ya iso, ta yi wurgi da ɓarɓashin ƙarfe. Kashi biyu ko uku na rami kamar ba komai ba ne a takarda, amma a fuskar kwantak bayan gwaji ana ganin aikinsa.

Na biyu jure tartsatsi, kuma wannan ya kasu biyu: zaizaya a hankali, da tsagewa farat ɗaya. Yadda haɗin yake kare kansa abin sha'awa ne. Azurfar saman tana narkewa, wani sashe ya zama tururi ya tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. Tangistin kuma ya riƙe siffa, ya riƙe narkakkiyar azurfar a 'yan ƙofofinsa kada ta fantsama. Idan babu ƙwarangwal, ko an bar wasu wurare azurfa zalla, wannan kariya ta rushe.

Na uku turjiya da zafin da kwantak yake yi idan yana rufe yana ɗauke da wuta. Na huɗu mannewa, wato ya ƙi buɗewa bayan babbar wuta ta ratsa. Sai daidaiton awo da sauƙin walda shi a kan hannun jan ƙarfen da yake ɗauke da shi a cikin bireka. Sai kuɗi, wanda galibinsa kuɗin azurfa ne, domin kilo ɗaya nata ya ninka na tangistin sau da yawa. Na ƙarshe, haɗarin da ke cikin aikin kansa: sau nawa kaya suke fitowa da aibin da ido ba ya gani.

Hanya ta ɗaya: a matsa, a gasa, a sake matsawa

Ana gauraya garin azurfa da na tangistin daidai da kason da ake so a ƙarshe, a sa ɗan maiƙo kamar kakin farafin, kusan rabin kashi zuwa kashi ɗaya, don ya fita daga mazubi ba tare da tsagewa ba. A matsa da ƙarfin megafaskal 200 zuwa 400. A ƙone kakin a tsakanin digiri 400 da 600, sannan a gasa a ƙasa da inda azurfa take narkewa, wajen 850 zuwa 930, a cikin haidurojin ko iskar amoniya da aka fasa, wadda kashi 75 nata haidurojin ne, 25 naiturojin. Daga nan a mayar da shi mazubi a sake matsawa da ƙarfin da ya fi na farko, har ninki biyu ko fiye.

A wannan zafin tangistin bai ma san an kunna tanderu ba. Ƙwayoyinsa ba sa kama juna. Azurfa ce kaɗai take haɗewa, ita ce take riƙe komai. Shi ya sa hanyar take da kyau idan azurfa ta kai rabi ko fiye, amma da tangistin ya wuce kashi 60 sai matsi na biyu ya fara fasa gefuna maimakon ya cike rami. Kuma matsi na biyun ba ya kawar da ramuka, lanƙwasa su yake yi su zama siraran tsaga. Yawanci kashi 2 zuwa 5 yana ragewa.

Inda ta fi kowa shi ne awo. Kwantak yana fitowa daidai girman mazubi, babu gyara, babu goge baya, babu azurfar da ta wuce lissafi. Injin matsi mai sarrafa kansa yana fitar da dubbai a sa'a. Ita ce mafi araha a kuɗin aiki, ko da yake tana cin azurfa da yawa saboda kason da take iya yi. Kwantak mai faɗin milimita 5 da 5 da kaurin 1.5 yana ɗauke da azurfa giram 0.255 idan rabi da rabi ne a nauyi, amma 0.196 idan tangistin 65 ne. Bambancin kashi 30 ke nan a kan ƙarfen da ya fi tsada, don haka arahar aiki tana iya narkewa a kuɗin kaya.

Babban haɗarinta rabuwar gari. Tangistin ya kusan ninka azurfa nauyi, kuma ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta. Girgizar mazurarin injin kaɗai ta isa ta sa ya nutse ƙasa, sai kayan safe su bambanta da na yamma. Maganin shi ne a dunƙule garin ya zama 'yan ƙwalaye kafin a kai shi inji. Matsala ta biyu walda: bayan kwantak ɗin cike yake da ƙwayoyin tangistin a fili, kuma ƙarfen walda ba ya kama tangistin sosai, sai an matsa masa siririn shimfiɗin azurfa a baya tun a mazubi.

Hanya ta biyu: gashi da narkakkiyar azurfa

Farkon ɗaya ne da na sama, sai dai ana ɗaga zafin ya haura 962, zuwa tsakanin 1000 da 1200, azurfar ta narke a cikin kwantak ɗin. Ruwan ƙarfen yana jawo ƙwayoyin tangistin su matso kusa, jikin ya tsuke. A nan akwai iyaka da mutane sukan manta. A wasu haɗe-haɗen tangistin, kamar wanda ake yi da nikel da baƙin ƙarfe, tangistin yana ɗan narkewa a cikin ruwan ya sake fitowa, wannan ya cike duk wani gurbi. A cikin azurfa ba ya narkewa ko kaɗan. Da zarar ƙwayoyin sun tokari juna, tsukewa ta tsaya. Saboda haka hanyar tana bukatar gari mai laushi sosai da ɗan nikel, ƙasa da kashi ɗaya, kafin ta ba da cika mai kyau.

Tsukewar kanta nauyi ce. Abin da aka matsa zuwa kashi 70 na cika, idan ya gasu ya kai 97, ya rage kusan kashi 10 a kowane gefe. Idan matsin bai zama ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba, ragewar ma ba za ta zama ɗaya ba, kwantak ya fito a karkace. Idan iskar tanderu tana da laima, azurfa takan ƙi kama tangistin, ta tsattsafo waje ta tsaya ɗigo-ɗigo a jiki. Cikin ya rasa azurfa, kason ya kauce daga abin da aka rubuta. Idan azurfar ta yi yawa kuma, siffar ta zube. Galibi sai an sake matsawa don gyara awo.

Kuɗinta tsaka-tsaki ne, domin wucewa ɗaya ce a tanderu kuma babu yankan azurfar da za a ɗora wa kowane kwantak kamar a hanya ta uku. Ƙarkonta ya fi na hanya ta ɗaya. A ganinmu hanya ce mai kyau a hannun wanda ya mallaki garinsa da tanderunsa sosai, mai wahala ga sabon shiga.

Hanya ta uku: shayarwa

Wannan ita ce hanyar da galibin kwantak masu tangistin kashi 50 zuwa 80 suke fitowa daga gare ta, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Ana fara gina ƙwarangwal na tangistin mai ƙofofi a buɗe, sannan a ɗora masa yankin azurfa a kai shi tanderu. Da ta narke sai ƙofofin su ja ta ciki, kamar yadda lagwani yake jan mai.

Duk aikin yana kan lissafin rami. Ɗauki giram 100 na haɗin 65 da 35. Tangistin ya ci santimita kubik 3.37, azurfa 3.34. Da za a yi ƙwarangwal da tangistin zalla, sai rabinsa ya zama rami, abin da yake da wuyar tsayuwa bayan matsi. Sai a gauraya wani kason azurfar tun a gari, a ce giram 15. Saura giram 20 da za a shayar, wato santimita kubik 1.91 daga jimillar 6.71. Ke nan ƙwarangwal ɗin ya kamata ya iso wajen shayarwa da rami kashi 28. Da wannan ake saita ƙarfin matsi. Idan aka matsa fiye da kima, ramin ya ragu, kwantak ya fito da tangistin fiye da yadda aka so. Idan aka sassauta, ya sha azurfa fiye da lissafi. A wannan hanyar injin matsi ne yake yanke kason ƙarshe, ba sikeli kaɗai ba. A haɗin rabi da rabi kuwa, ramin da tangistin zalla zai bukata ya kai kashi 65, don haka gauraya azurfa tun farko dole ne.

Bayan ƙone kaki ana gasa ƙwarangwal a tsakanin digiri 1000 da 1300, gwargwadon laushin gari da yawan nikel. Nikel, ko ɗan kobalt, yana yin abu biyu: yana sa ƙwayoyin tangistin su kama juna a zafin da ba za su kama ba su kaɗai, yana kuma taimaka wa azurfa ta bazu a kansu. Amma gishiri ne, ba a cika shi. Idan ya yi yawa ƙwarangwal ya tsuke fiye da kima, wasu ƙofofin su rufe ruf kafin azurfa ta iso, jikin kuma ya zama mai saurin karyewa. Shayarwar kanta ana yin ta ne a wajen 1050 zuwa 1200, a kan farantin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, ko na yumɓun masana'anta. Ana son girafait saboda azurfa ba ta kama shi.

Abubuwa uku ne suke ɓata shayarwa, kuma duk ukun a ɓoye suke.

Laima a cikin haidurojin. Fatar tsatsa da ke kan ƙwayar tangistin tana hana azurfa kamawa, kuma busasshiyar haidurojin ce take cire ta. Ana neman iskar da raɓarta ba ta sauka sai digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye da haka sanyi. Ƙofar tanderu da ke yoyo ta isa ta lalata kayan yini guda.

Azurfar da ta kewaye kwantak ta kowane gefe kafin ta shiga. Idan haka ta faru iskar ciki ta rasa mafita, tsakiyar ta zauna a bushe alhali waje yana sheƙi. Shi ya sa ake shayarwa ta gefe ɗaya, iska ta fice ta ɗaya gefen. Kwantak mai kauri ya fi faɗawa wannan tarko.

Ƙarancin rara. Narkakkiyar azurfa giram 9.3 ce a santimita kubik, daskararriya mai sanyi 10.49. Abin da ya cika rami yana ruwa ba zai cika shi ba idan ya huce. Dole a bar rarar azurfa a baya da za ta ci gaba da ciyar da ciki lokacin daskarewa, in ba haka ba 'yan ramukan tsukewa su bayyana. Akwai kuma halin azurfa na shan oksijin idan ta narke, har wajen ninki 20 na girmanta, ta tofar da shi idan za ta daskare. Yankan azurfar da za a ɗora ma sai ya zama mai tsabta.

Rarar nan ba asara ba ce gaba ɗaya. Ana yi wa bayan kwantak ɗin ƙananan tsagogi tun a mazubi, azurfa ta taru a cikinsu, kuma wannan shimfiɗin ne yake sa walda ta kama da kyau, ko da ƙarfen walda mai azurfa kashi 15, fosfaras 5, jan ƙarfe 80, ko da waldar lantarki kai tsaye. Rarar da ta malalo fuskar aiki kuwa sai an kula da ita: siririya tana kare tangistin daga tsatsa a ma'ajiya, tana rage turjiyar farko, mai kauri kuma tana iya sa kwantak ya manne tun a shot na farko.

Sakamakon shayarwa mai kyau shi ne cika kashi 98 zuwa sama, da ƙarafa biyu da kowannensu ya zama sarƙa ɗaya daga fuska har baya: tangistin yana riƙe siffa, azurfa tana kai wuta da zafi. A haɗin 65 da 35 ɗaukar wuta tana kusan rabin ta jan ƙarfe. Kuɗin aiki ya fi na sauran biyun, saboda wucewa biyu a tanderu, da yanka azurfa da jera ta, da gogewa daga baya. Akwai masu haɗa gashi da shayarwa a wucewa ɗaya don rage kuɗi. Yana yiwuwa, amma ƙwarangwal ɗin bai samu lokacin kama kansa ba kafin azurfa ta shiga tsakani, don haka mai saye ya tambaya a fili: wucewa nawa?

Hanya ta huɗu: garin kimiyya da matsi mai zafi

Maimakon gauraya gari biyu, ana iya haɗa ruwan gishirin azurfa da na tangistin, sinadarin Ag2WO4 ya kwanta, a wanke, a cire masa oksijin da haidurojin. Abin da ya rage azurfa ce kashi 54 da tangistin 46, a gauraye da laushin da ba a samu da cokali ko injin juyawa. Ƙwayoyin sukan gaza maikuron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ana kuma lulluɓe ƙwayar tangistin da azurfa, ko a niƙa su tare da ƙwallayen ƙarfe. Rarrabuwar tana da kyau ƙwarai. Amma irin wannan gari ba ya zuba a mazubi da sauƙi, yana shan oksijin daga iska, yana tsukewa sosai, kuma ragowar sodiyam daga wanki ko baƙin ƙarfe daga niƙa suna bin sa har cikin kwantak.

Matsi mai zafi, da ɗan'uwansa da ake ratsa wutar lantarki ta mazubin girafait, suna ba da cika kusan ɗari bisa ɗari cikin mintuna. Sai dai guda-guda ake yi, kuma tun da ba a wuce zafin narkewar azurfa, ƙwarangwal na gaskiya ba ya samuwa. Sun dace da ɗakin bincike da manyan guntaye 'yan kaɗan, ba da miliyoyin ƙananan kwantak ba.

Girman ƙwayar tangistin

Ko an zaɓi hanya, wannan yana iya juya sakamako. Garin da ake amfani da shi yana tsakanin maikuron 1 zuwa kusan 10. Mai laushi yana ba da ƙofofi ƙanana masu riƙe narkakkiyar azurfa gam, da tauri mai yawa, da ƙarancin zaizaya a matsakaiciyar wuta. Amma yana da taurin kai: azurfa tana faɗaɗa da zafi kusan ninki huɗu na tangistin, kuma idan babban shot ya dake shi farat ɗaya, ƙwarangwal mai tauri yakan tsage, gefe ya ɓalle. Mai kauri yana shan azurfa cikin sauƙi, yana jure bugun zafi, amma yana sakin azurfarsa da wuri, fuskar ta bushe. Don haka masana'antu da yawa suke tsayawa a tsakiya, ko su gauraya girma biyu.

| Hanya | Kason tangistin da ya dace | Cikar jiki | Jure babban tartsatsi | Awo | Kuɗin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Matsa, gasa, sake matsa | har zuwa 50, da ƙyar 60 | rami 2 zuwa 5 | matsakaici | mafi daidai | ƙasa | rabuwar gari, tsaga |
| Gashi da narkakkiyar azurfa | 50 zuwa 75 | mai kyau idan garin mai laushi ne | mai kyau | yana karkacewa | tsakiya | azurfa ta tsattsafo |
| Shayarwa | 50 zuwa 80 | 98 zuwa sama | mafi kyau | sai da gyaran baya | sama | busasshiyar tsakiya |
| Garin kimiyya, matsi mai zafi | ya danganta da gari | kusan cikakke | ya danganta da ƙwarangwal | mai kyau | mafi tsada | gurɓacewa, jinkiri |

Abin da babu hanyar da take gyarawa

A cikin iska, duk lokacin da tartsatsi ya tashi, tangistin ɗin fuska yana yin tsatsa, wani sashe kuma ya haɗu da azurfa da oksijin ya zama wannan Ag2WO4 ɗin, fata mai kama da gilas da ba ta ɗaukar wuta sosai. Turjiya ta hau, kwantak ya fara zafi. Wannan halin kayan ne, ba laifin tanderu ba. Ana rage shi da ƙarfin danniyar sifirin, da ɗan gogayya lokacin rufewa, da kuma haɗa jinsi biyu: azurfa-tangistin a hannu mai motsi, azurfa mai girafait kashi 3 zuwa 5 a wanda yake tsaye, wanda yake sanyaya haɗin kuma yake hana mannewa. Wasu sukan koma azurfa da kabaid ɗin tangistin, wato haɗin tangistin da kabon, wanda tsatsarsa ta fi sauƙi.

Yadda za a duba kaya kafin a karɓa

A auna nauyi a iska da cikin ruwa a fitar da nauyin santimita kubik. Haɗin 65 da 35 marar rami 14.9 ne, 14.6 na nufin cika kusan kashi 98, 14.2 kuma 95. Amma kada a tsaya nan. Haɗin tangistin 70 cikakke 15.4 ne, kuma idan yana da rami kashi 3 zai ba da kusan 14.9, ya yi kama da lafiyayyen 65. Dole a haɗa wannan awo da binciken kason azurfa. Sannan a yanka guda biyar ko goma ta tsakiya, a goge, a duba a madubin ƙara girma ninki 100 zuwa 500. Abin nema: baƙaƙen ɗigo na rami, fararen tafkunan azurfa zalla, dunƙulen tangistin da azurfa ba ta ratsa ba, da siririyar tsaga mai bin faɗin kwantak wadda take fitowa daga matsi. Ma'aunin ASTM B631 ya tanadi iyakokin wannan kaya, ana iya rubuta shi a takardar ciniki. Hukuncin ƙarshe dai na bireka ne da kanta, a gwajin shot na IEC 60947-2 ko UL 489, tare da auna zafi bayan gwajin, ba kafinsa kaɗai ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Mai ƙera birekar masana'antu, ko kwantak ɗin da aka ware don ɗaukar tartsatsi a babbar birekar iska, wato wadda take kashe tartsatsi a cikin iska, ya ɗauki shayarwa mai wucewa biyu, tangistin 65 zuwa 75, ƙwaya matsakaiciya. A nan ba ma ganin wurin tsumulmula. Kuɗin tanderu na biyu ƙanƙani ne idan aka kwatanta da birekar da ta faɗi gwaji, balle wadda ta ƙi buɗewa a kan layin da mutane suke aiki.

Mai ƙera ƙaramar birekar gida, inda wutar shot take da iyaka kuma zafi a rufe shi ne abin damuwa, rabi da rabi ya ishe shi. Idan adadi ne da daidaiton awo suka fi masa muhimmanci, hanya ta ɗaya da shimfiɗin azurfa a baya. Idan gwajin shot yana cinye masa kwantak, ya koma shayarwa a kan kason nan ɗin kafin ya yi tunanin ƙara tangistin, domin ƙarin tangistin zai dawo masa da matsalar zafi.

Mai ƙananan kwantak sirara masu yawan gaske, wanda yake da tanderu mai busasshiyar iska da mai kawo gari da ba ya sauya girman ƙwaya, gashi da narkakkiyar azurfa zai rage masa aikin jera yankan azurfa. Garin kimiyya da matsi mai zafi na wanda ya riga ya gwada sauran ne ya ga takamaiman aibin da yake son kawarwa.

Wanda kuma na'urarsa take buɗewa tana rufewa sau dubbai ɗari a rayuwarta, kamar kwantakta, makunnin da yake tada injin lantarki, ko rile, ƙaramin makunni mai aiki da lantarki, ya bar azurfa-tangistin gaba ɗaya. Tsatsar fuska za ta riga zaizaya kashe kwantak ɗin, ko da wace hanya aka ƙera. Abin da ya dace da shi azurfa ce da tsatsar kuza, ko azurfa da nikel idan wutar ƙarama ce.